Amsa ga 'yar'uwar da ta ga fina-finan batsa a wayar maigidanta

Assalamu alaikum 'yar'uwa. Kin ce kin ga fina-finan batsa a wayar maigidanki, da kika yi masa magana ya ce ai kallo ne kawai, bai taɓa kowa ba, kuma tun ranar kike tambayar kanki ko ke ce kika gaza. Allah Ya sanyaya miki zuciya.

Ni namiji ne. Shekara goma sha ɗaya ina riƙe da shagon cajin waya da tura fina-finai a nan Agege, Legas, kuma a farko har irin waɗannan na tura wa mutane a memori don kuɗi, Allah Ya yafe mini. Abin da idona ya gani zan faɗa miki.

Ki cire zancen gazawa daga ranki. Masu zuwa su raɗa mini a kunne sun haɗa da samari, da 'yan ci-rani da iyalinsu ke Arewa, da mai mata biyu, har da angon da bai yi wata da aure ba. Yawancinsu tun suna 'yan shekara sha huɗu, sha biyar suka fara, kafin su san wadda za su aura. Ciwon ya girmi aurenku.

Amma maganar "kallo ne kawai" ban yarda da ita ba. Wanda ya karɓa yau, bayan sati biyu zai dawo ya ce babu wanda ya fi wannan zafi? Haka abin yake hawa. Daga nan sai ya ce shi na Turawa ya ishe shi, na gida yake so. Na gida kuwa shi ne bidiyon 'ya'yan mutane da aka ɗauka a ɓoye, ko wanda saurayi ya yaɗa bayan an ɓata. Ranar da na daina, wani ne ya kawo mini bidiyo in rarraba. Na buɗe sai na ji yarinyar tana Hausa, tana roƙonsa ya kashe kyamarar. Na san gidansu. An fasa aurenta, iyayenta suka mayar da ita ƙauye saboda nuni da ake yi mata a layi, shi kuwa wanda ya ɗauka har yau yana yawonsa, ana gaisawa da shi a masallaci. Duk wanda ya kalla ya tura wa abokinsa, da hannunsa a cikin abin da ya same ta.

Na ƙasashen waje ma ba su tsira daga wannan ba. A watan Disambar 2020 ɗaya daga cikin manyan shafukan batsa na duniya ya goge miliyoyin bidiyoyi, bayan an fallasa cewa akwai na fyaɗe da na ƙananan yara a ciki, har kamfanonin katin biyan kuɗi na Visa da Mastercard suka janye daga hulɗa da shi. Mai kallo ba shi da hanyar sanin wadda aka tilasta. Ga kuma ayar Suratun Nur ta 30, da maza aka fara umartar runtse ido kafin a zo kan mata.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda yake shigowa ɗakin aure. Namiji ya saba ganin mace tamkar kaya, sai ya fara neman matarsa ta yi abin da ya gani, in ta ƙi ya ce ba ta waye ba. Wani kuma sha'awar iyalinsa ce take mutuwa gaba ɗaya.

Ki same shi lokacin da hankalinsa yake kwance, ba a gaban yara ba, kuma kada ki fara kai maganar dangi, kunya tana sa namiji taurin kai. Ki faɗa masa yadda abin ya yi miki ciwo. In ya nuna nadama ki taimaka masa: ya fita daga rukunonin Telegram da WhatsApp da ake turo su, waya ta riƙa kwana a falo. In ya ƙi ji, ki nemi malami ko dattijon da yake jin nauyinsa, mai riƙe sirri.

Abu biyu kada ki sassauta a kansu. Kada ki yarda ya ɗauke ki hoto ko bidiyo a tsiraice, ko da ya rantse zai goge; waya tana ɓata, tana zuwa wurin gyara, mu mun san abin da ake gani a ciki. In kuma abin ya kai ga duka ko tilastawa, gwamnatin Legas tana da hukumar DSVA mai karɓar irin waɗannan ƙorafe-ƙorafe, akwai kuma cibiyar Mirabel mai kula da waɗanda aka yi wa fyaɗe ko cin zarafi ta hanyar jima'i, a cikin asibitin koyarwa na Ikeja.

Kin ce kuna da yara uku. Daga yau ki daina ba su wayar babansu su yi gem, don yaran da nake gani a shago da yawansu a wayar gida suka fara gani.