Iskar Shokozobar Babban Babur Ba Aikin Mai Faci Ba Ce

Tambaya daga Kaduna: Na sayi Honda Gold Wing GL1500 ɗan Kwatano. Idan na goya maiɗakina sai bayansa ya zauna, yana dukan ƙasa a kan tudun rage gudu. Iska nawa zan sa?

Malam, shokozobar bayan GL1500, wanda aka ƙera daga 1988 zuwa 2000, tana ɗaukar iska daga 0 zuwa 57 psi (ma'aunin ƙarfin iska). Ka kafe babur a kan ƙafarsa ta tsakiya, ba kowa a kai, kafin ka auna. Da goyo da kaya fara da wajen 40, ka zagaya hanyar da ka sani. In har yanzu yana duka ƙara 5, in ya yi tauri yana jijjiga ƙugu rage 5. Idan GL1500 ɗinka samfurin Aspencade ne ko SE, yana da kwamfiresarsa ta ɗura iska a jiki.

Daga Kano: Famfon hannu na shokozoba ya yi tsada. Ba zan iya tsayawa wajen mai faci ya ɗan fesa mini ba?

A'a, Alhaji. Wannan tambayar ta ishe ni, domin iskar mai faci ke kashe shokozobar baburan nan. Wurin iskar ɗan ƙarami ne, bai kama ƙafar na taya ba, tankin mai faci kuwa yakan haura 100 psi. Kafin yaron ya cire tiyo iskar ta wuce ƙa'ida, robar sil ta fashe, mai ya fara tsiyaya. Ga damshin da ke taruwa a tankin, wanda zai bi iskar ya shiga ciki. Tsofaffin baburan Harley irin Electra Glide na kafin 2009 iyakarsu 35 psi ce kacal. Mutum ya zuba miliyoyi a babur, sannan ya tsaya ƙyashin kuɗin famfo! Shokozobar nan ba ta Boxer ba ce da za ka samu a kowane shago, sai an yi odarta da dala, a yi makonni ana jira.

Famfon ma ka buɗe ido, jabu sun cika kasuwa. Nemi mai geji daga 0 zuwa 60 psi, mai bakin da ake murɗawa a bawul, wanda ba ya sakin iska in ana cire shi. Gejin mota mai kaiwa 150 ba zai nuna maka bambancin 10 da 15 ba, kuma duk dangwalawa ɗaya yana zubar da iska. Allurar gejin da ba ta komawa sifili, a bar wa mai shago kayansa.

Daga Zariya: Nakan sa iska da yamma, da safe ta tsiyaye. Bakanike ya ce sai sababbi, ni kuwa ba ni da halin haka yanzu.

Kwantar da hankalinka, ɗan'uwa, kada ka ci bashi tukuna. Sau da yawa ƙwayar bawul ce ko mahaɗar siririn tiyon da ya tsufa. Sa iska, ka shafa ruwan sabulu a bawul da kowace mahaɗa, inda kumfa ya taso nan ne ɓarakar. Ƙwayar bawul irin ta taya ce, kuɗinta kaɗan ne. Sai in ka ga mai ya jiƙa jikin shokozobar ne maganar bakaniken za ta tabbata, kuma a wannan halin kada ka yi goyo a doguwar tafiya har sai an gyara.