Baƙi sun taho daga Katsina, ina zan kai su a Legas?

Tambaya: Anti barka da aiki. Ni a Agege nake aure shekara shida, amma wallahi daga gida sai kasuwa sai gidan biki. Yanzu Hajiyar maigidana za ta zo hutun Disamba da ƙannensa uku, sati ɗaya za su yi, yaran kullum a waya maganarsu ɗaya a kai su su ga teku. Maigidan ya ce in tsara shi zai ɗau nauyi. Dan Allah ina da ina ya kamata mu je, inda Hajiya ba za ta ga abin da zai ɓata mata rai ba?
Daga wata 'yar'uwa a Agege.

Amsa: 'Yar'uwa Allah ya kawo su lafiya. Abu na farko, kar ki haɗa wuri uku a rana ɗaya, Legas ce fa kuma Disamba, a gosulo za ku ƙare yinin Hajiya ta gaji ƙafa ta kumbura. Rana ɗaya wuri ɗaya, kuma da an idar da asuba an karya ku kama hanya.

Ni da zan zaɓa miki, gidan tarihi na ƙasa da ke Onikan za ku fara. A can aka ajiye baƙar Marsandin da aka harbe Janar Murtala a cikinta ranar Juma'a 13 ga Fabrairu 1976, ga hujin harsasai nan a jikin motar har yau. Hajiya in dai ta yi wayo a lokacin to ta tuna ranar, ki bar ta ta tsaya ta ba yaran labari da bakinta, kar ki hanzarta su. Ni duk zuwan da na yi wurin sai jikina ya yi sanyi. A hanya kuma za ku hau gadar Third Mainland, kusan kilomita 12 a kan ruwa, yaran su zauna gefen taga.

To sai maganar teku, kuma nan ne nake so ki buɗe kunne. Yaron da ya iya iyo a kududdufi ko dam ɗin garinsu gani yake ya iya ruwa, alhali tekun nan daban ne, igiyar tana zuwa kamar wasa ta taɓa ƙafa, in za ta koma sai ta janye yashin da kake tsaye a kai ta ja ka ciki, manya ma ta cinye balle yara. Iyakarsu idon sawu, kuma babba na riƙe da hannu. Tarkwa Bay ruwansa ya fi kwanciya saboda an kare shi, sai dai da kwalekwale mai inji ake zuwa, in Hajiya ta yarda kowa ya sa rigar kariya a ɗaure ta da kyau, in mai jirgi ya ce babu ku sauka ku nemi wani. In tana tsoron jirgi ku je bakin ruwan Elegushi a Lekki, amma ranar Talata ko Laraba da safe. Asabar da Lahadi kiɗa ne da giya da shigar da ba za ki so surukarki ta gani ba. Ana biyan kuɗin shiga, masu doki kuma ki yi ciniki kafin yaro ya hau, bayan ya sauka farashi canjawa yake. Ki ɗau darduma da buta da abincinki a kula.

Lekki Conservation Centre ma yara na sonsa, daji ne a tsakiyar gari da birai, akwai gadar igiya a sama mai tsawon tafiyar mita 401 tana lilo. Matasan su hau, Hajiya ta bi hanyar katako ta ƙasa, kuma a ɓoye leda don biran nan fizge suke.

Badagry akwai gidan bene na 1845 da hanyar da aka bi da bayi zuwa bakin teku, wuri ne mai taɓa zuciya amma da nisa, yini guda ne cur. In kwana ya rage ku je, in bai rage ba maigida ya biya da su Obalende da yamma a ci tsire a dawo gida.