Taro, sisi da nai: ragowar ƙidayar sha biyu a bakinmu

Wani mai karatu daga Zariya ya tambaya: "Malam, kullum kakata takan ce ba ta da taro ba ta da sisi. Nawa ne taro, nawa ne sisi, kuma me ya haɗa su?"

Taro kwabo uku ne, sisi kwabo shida, akwai kuma ɗan'uwansu nai, kwabo tara, wanda aka fi mantawa da shi. Duk sunayen kuɗin Ingila ne da harshen Bahaushe ya lanƙwasa. Kafin 1 ga Janairu 1973, ranar da naira ta shigo, kwabo 12 ne sule guda, sule 20 kuma fam ɗaya. Ka ga ke nan kakarka a kasuwa ba da goma-goma take lissafi ba, da sha biyu-sha biyu take yi, ko da ba ta taɓa zama a aji ba.

Dubi yadda sunayen suka jeru: uku, shida, tara. Kashi ɗaya cikin huɗu na sule ke nan, da rabinsa, da kashi uku cikin huɗu. Sha biyu lamba ce mai daɗin rabo. Mutum biyu kowa sisi, mutum uku kowa kwabo huɗu, mutum huɗu kowa taro, mutum shida kowa kwabo biyu, babu saura babu rigima. Goma kuwa, mutum biyu da mutum biyar kaɗai take yi wa adalci. Ba wa yara uku kwabo goma ka ga yadda za a ƙare a kan guda ɗayan nan.

Ɗauki kwabo ɗari. A tsohon lissafi sule takwas ne da kwabo huɗu, don haka mai rubutu da tushen sha biyu, wato mai ƙirga da sha biyu-sha biyu, 84 zai rubuta: sha biyu sau takwas, da huɗu. Adadin bai canza ba, riga kawai ya sauya. Kuma 'yan kwabban da ke wutsiya sun isa su gaya maka komai: in taro ne, ko sisi, ko nai, ko babu ko ɗaya, kuɗin zai rabu uku daidai, komai yawan sulallan. Na ɗarin nan huɗu ne, saboda haka zai rabu huɗu, ba zai rabu uku ba.

Kada a ɗauka Bature ne ya zo da wannan dabara. A cikin Gwandara, harshen da ya fi kowane kusanci da Hausa, akwai karin Nimbia da ke ƙirga da sha biyu: bayan gwom (goma) sai kwada (sha ɗaya), sai tuni (sha biyu), daga nan a sake ɗorawa. Mu ne muka tsaya a goma muka ce "sha".

Wata kuma daga Maraɗi ta ce me ya sa in ɗan kasuwa ya ce "ɗari", sefa 500 yake nufi. Hajiya, dala yake ƙirgawa, kowace dala kuwa sefa biyar ce. Ashirin sefa 100 ke nan, dala ɗari biyu kuma jika guda. A Kano ma fam ɗari ake kira jaka, fam ɗaya kuwa naira biyu ne, shi ya sa har gobe dattijo in ya ce jaka, naira 200 yake nufi.