Tambayoyinku: Mai gida ya yarda, CAC ta ba ni takarda, saura me?

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam, dan Allah shawara nake nema. Shekara uku kenan ina masa da miyar taushe da tuwon shinkafa a gida ana min oda ta WhatsApp, yanzu alhamdulillah kwastomomi sun yi yawa har wasu na cewa su fa so suke su zauna su ci da zafinsa. Akwai wani gida a layinmu da za a bayar haya, ejan ya ce kuɗin shekara biyu zan biya, mai gidan kuma ya ce ba ruwansa in fasa katanga in zuba kujeru. Na yi rajistar CAC tun bara. Maigidana ne ya ce in tambaya tukuna kada wata rana katafila ta zo mana. Akwai abin da ya rage ne? Daga 'yar'uwarku a Gwarinpa.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ƙara buɗi. Maigidanki ya yi gaskiya wallahi, kar ki ba ejan ɗin nan ko sisi tukuna.

Kin ga takardar CAC sunan kasuwancinki kawai ta yi wa rajista, ba ruwanta da inda za ki girka tukunya. Shi kuma mai gida da ya ce ba ruwansa, to dama ba ruwan nasa, ba zai ba ki izinin da shi kansa ba shi da shi ba. A Abuja ƙasa ta gwamnatin tarayya ce, ministan Abuja ke bayarwa, kuma kowane fuloti an rubuta a takardarsa, wato C of O ko takardar da aka ba da filin da ita, abin da aka bayar da shi dominsa: na zama ne, na kasuwanci ne, makaranta ce ko wurin ibada. Abin ya samo asali ne daga tsarin birnin da aka zana tun 1979, tun kafin a taso daga Legas a Disambar 1991, shi ya sa garin bai yi kama da Kano ko Jos ba inda mutum zai fasa zaurensa da safe ya kasa kaya da yamma. Masu tsaron wannan tsari su ne Development Control, wato sashen kula da gine-gine da ke ƙarƙashin AMMC, hukumar kula da birnin Abuja, su ne masu jan fentin nan da kike gani a jikin katangu.

Ana iya neman a canza wa fuloti manufa daga zama zuwa kasuwanci, amma fa mai takardar ne ke nema ba ɗan haya ba, da kuɗi, da jira, kuma ba dole a amince ba. Za a duba layin, a duba ko akwai wurin fakin, a duba maƙwabta. Sannan ke da kike Gwarinpa akwai ƙarin zagaye don yawancin gidajen rukunin takardunsu daga FHA, hukumar gidaje ta tarayya, suka fito, can ma sai an leƙa. Don haka ki ce wa mai gidan ya nuna miki takardar ki karanta da idonki, in ta AGIS ce, wato ofishin rajistar filayen Abuja, ki sa lauya ya bincika miki fayil ɗin, in ya fara hanya-hanya yana cewa ai takardar tana banki ko tana wajen yayansa a ƙauye to kin samu amsarki.

Na san me za ki ce, ai kowa na yi. Gaskiya ne kowa na yi, duk wanda ya bi Aminu Kano Crescent ko Adetokunbo Ademola a Wuse 2 ko Gana Street a Maitama ya san gidajen zama ne da yawansu aka maida wuraren cin abinci da bankuna da shaguna. To a 2025 minista Wike ya waiwaye su, aka ɗora tarar naira miliyan 5 a kan waɗanda suka canza ba izini a waɗannan titunan da wasu irinsu. Su masu kuɗi ne, an ce su biya a gyara musu takarda. Ke da ni fa? Waɗanda suka ga rusau ɗin zamanin da El-Rufai ke ministan Abuja daga 2003 zuwa 2007 su ba ki labari. Abin haushin ma ba sai katafila ta zo ba, maƙwabci ɗaya ya kai ƙara an manna miki takarda an garƙame get, kuɗin shekara biyu yana aljihun mai gida, na tayil da fenti ya bi ruwa.

Kuma don Allah mu faɗi gaskiya, maƙwabcin ma yana da tasa. Mutum ya dawo aiki ya tarar motoci sun toshe masa ƙofa, janareta na kuka har sha ɗayan dare, man miya da ruwan wanke-wanke sun cika sokawe da aka haƙa don iyali ɗaya, ni kaina da nake son masa kamar me ba zan so hayaƙin tanda a tagar ɗakin kwanana ba.

Da ni ne ke, shago zan nema a filaza ko cikin shagunan kwana da aka ware don kasuwanci, ko da ƙarami ne mai tebur huɗu. Hayar ta fi zafi amma barcinki zai fi daɗi. Daga nan sauran masu sauƙi ne duk da suna da yawa: duba-gari na AMAC, wato ƙaramar hukumar birni da Gwarinpa ke ciki, da gwajin lafiyar masu girki, hukumar muhalli ta AEPB da kuɗin shara, 'yan kwana-kwana saboda gas, in kin kafa allon talla kuma masu kula da alluna su ma za su zo gaisuwa. Kowa ya zo da takardar kuɗi ki biya ta banki ki adana rasit, kar ki miƙa a hannu.

TAMBAYA: Malam ina da fili a bayan gidana a Kubwa, ina so in gina tandar burodi ta itace. NAFDAC kaɗai zan nema? Daga wani ɗan'uwa.

AMSA: A'a Alhaji, NAFDAC ce ta biyu. Duk abin da na faɗa wa Hajiya a sama ya hau kanka, har ma naka ya fi nauyi don sabon gini ne, sai an amince da zanen kafin ka aza bulo, kuma gidan burodi ba ya ɓoyuwa, hayaƙi da motocin rabon kaya da asuba za su tona ka cikin sati guda. Ka tuna kuma Kubwa ƙarƙashin ƙaramar hukumar Bwari take ba AMAC ba, kar wani ya zo maka da rasit ɗin da ba nasa ba. Su NAFDAC sai sun zo sun ga wurin da idonsu kafin su ba ka lamba, za su duba ruwa da sito da inda ake kwaɓin fulawa, kuma ba sa yarda a haɗa wurin aikin da ɗakin kwana ko kicin ɗin iyali. Burometi kuwa, wannan sinadarin da ke kumbura burodi, an haramta shi tuntuni, in mai kwaɓinka ya kawo maka shawararsa ka sallame shi ranar.