Amsa ga Maman Tagwaye: ki bari Ikilisiya ta sani

Salama a gare ku matan Zumunta, ina gaishe ku cikin sunan Yesu. Ku yi haƙuri, muryar nan za ta ɗan yi tsawo, idona ba ya ganin ƙananan baƙaƙen waya shi ya sa ba na rubutu.

Maman Tagwaye, 'yata, na saurari saƙonki. Kin ce likitoci sun ce ƙodar maigidanki ta gaza, an fara yi masa wankin ƙoda, kina tambaya wace Zabura za ki riƙa karantawa, azumin kwana nawa za ki ɗauka. Sai can ƙarshe kika sassauta murya kika ce kada a gaya wa Fasto tukuna, kada a sanar a sujada. To ni wannan na ƙarshen shi na ji. Zabura ai kin san ta, ke da kike koyar da yara a makarantar Lahadi, wa zai nuna miki Zabura 23 ko 121? Ba aya kika rasa ba. Kuɗi ne ya fara ƙarewa, jikinki ya gaji, kina jin nauyin a san halin da gidanki yake ciki. Kuma yadda kika kawo maganar azumin nan, ina ji a jikina wani ya riga ya raɗa miki cewa zuwa injin nan rashin bangaskiya ne. In ba haka ba ne ki gyara mini, amma na san wannan muryar.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, 'yata. Ki buɗe Yakubu sura 5 aya 14. Wa aka ce ya kira dattawan Ikilisiya? Mara lafiyan. Daga gidan ciwo kiran yake fitowa. Ba a ce dattawa su yi mafarki su gane ba. Kin rufe ƙofa kina kuka ke kaɗai, gobe kuma zuciyarki ta fara ƙullatar mutane cewa ba wanda ya leƙo ki, alhali ba su sani ba. Shanyayyen nan na Markus sura 2, a Kafarnahum, ba da ƙafarsa ya je wurin Yesu ba. Mutum huɗu suka ɗauke shi, suka hau soro, suka buɗe rufin suka zura shi. Kuma aka ce Yesu ya ga bangaskiyarsu, ta masu ɗaukar. Akwai ranar da ke ba za ki iya addu'a ba, bakinki zai yi nauyi, ki durƙusa ki rasa ko kalma ɗaya. A ranar nan bangaskiyar 'yan'uwa ce za ta ɗauke ku. To ta yaya za su ɗauka in kin ɓoye musu tabarmar?

Maganar injin kuwa, ki saurare ni da kyau, don ku tsofaffin Zumunta kun san marigayi Baban yara ya yi wannan jinyar. Ƙoda ita take tace dattin jini ta fitar da ruwan da ya yi yawa ta fitsari. In ta tsaya, injin ne yake yin aikin, ya ja jinin ta bututu ya tace ya mayar, wajen awa 4 kowane zama, sau 2 ko 3 a mako yadda likita ya tsara. In aka tsallake, ruwan ba inda za shi. Ƙafa ta kumbura, fuska ta kumbura, daga nan ya hau huhu. Wata ƙanwar Baban yara ce, da kyakkyawar niyya fa, ba mugunta ba, ta je wani gidan addu'a aka ba ta ruwa cikin jarka, wai ya sha kofi-kofi safe da rana da dare, kuma ya bar zuwa asibiti na mako guda don ya nuna wa Allah ya gaskata. Ina wurin aiki ake ba shi. Mutumin da likita ya auna masa ɗan ruwan da zai sha a yini! Daren da abin ya taso, ya kasa kwanciya. Ya zauna bakin gado, ya jawo kujera ya kifa hannuwansa a bayanta, yana jan numfashi kamar wanda ake dannawa cikin kogi, ƙafafunsa sun cika har silifas ba ya shiga. Da asuba muka kai shi. Nas ɗin da ta karɓe mu ta dube ni ta ce, Mama, me ya sha? Har yau ina jin tambayar nan.

Don haka duk wanda ya kawo miki ruwa, ko saiwa, ko wani jiƙo, ko ya ce maigidanki ya yi busasshen azumi, ki ce masa mun gode, a yi addu'a a nan mu ce amin, amma ba abin da zai shiga bakinsa sai da sanin likita. Har magungunan ciwon jikin nan na kemis, su diclofenac da ibuprofen, kada ya taɓa. Ke in kina so ki yi azumi, ki yi wanda jikinki zai ɗauka, amma ki tuna ke ce mai jinya, in kin faɗi an zama majinyata biyu.

Ni abin da yake ba ni haushi, daga ina ma wannan koyarwar ta shigo mana? Sarki Hezekiya ya yi kuka ga Allah, Allah ya ƙara masa shekara 15, amma annabi Ishaya da bakinsa ya ce a kawo curin ɓaure a ɗora a kan marurun. Luka da ya rubuta mana bishara likita ne. Bulus, wanda Allah ya warkar da mutane ta hannunsa, shi ya ce ya bar Tarofimas a Militas ba shi da lafiya. Littafi Mai Tsarki na Hausa da ya fito a 1932, babban wanda ya yi aikin fassararsa Likita Mila ne na Wusasa, likita fa. Asibitin Vom tun 1922 'yan mishan suka kafa shi, Jankwano ta Jos 1959, Galmi can Nijar 1950. Iyayenmu da waƙar yabo da allura suka karɓi bishara, rana ɗaya. Yanzu wani yaro ya sayi lasifika ya kama shago ya ce magani gāba yake da bangaskiya? Kai.

To amma in gaya miki gaskiya, in za ki sanar, ki san abin da za ki roƙa. Kada ki ce kawai a sa mu a addu'a. In kin faɗi haka, ranar Lahadi bayan sujada mutum talatin za su cika miki falo, a yi waƙa, a yi addu'a da ƙarfi, mara lafiya yana so ya kwanta ba hali, ke kina kicin kina neman abin da za ki ba baƙi, ƙarfe biyar kowa ya kama gabansa, Litinin ki tashi ke kaɗai ba kuɗin mota. Yakubu ɗin nan dai, sura 2, ya yi maganar mai cewa ɗan'uwa ka sauka lafiya, ka ji ɗumi, ka ƙoshi, bai ba shi komai ba. Ki ce kina bukatar wanda zai kai shi wanki ya dawo da shi. Ki ce kina bukatar mai kwana a asibiti in an kwantar da shi. Mai ɗauko tagwaye daga makaranta. Masu ba da jini. Ciwon ƙoda yana cin jini, don ƙodar ce take aika saƙon a ƙera shi, shi ya sa za ki ga ya yi fari fat. Wani lokaci allurar ƙarin jini za su rubuta, tana da tsada, wani lokaci su ce a kawo mutum. Zumuntar Maza da matasa su rubuta suna da rukunin jininsu tun yanzu, kada sai tsakar dare ki fara buga waya. Leda ɗaya ba ta kai rabin lita ba, ana gwada mutum kafin a ɗiba, namiji mai lafiya bayan wata 3 zai iya sake bayarwa. Matasan nan da suke buga ganga awa uku ba su gaji ba, su zo su miƙa hannu.

Kuɗi kuma, hmm. Nan ne nake so Shugaba da Ma'aji su ji ni. In za a yi baiko na musamman, a yi baiko, kowa ya sa abin da yake hannunsa a faranti a ƙirga a ba ta. Kada a yi na alkawari da makirfo. Lokacinmu haka aka yi. Aka tsaya a gaban Ikilisiya, wannan ya tashi ya ambaci kuɗi aka tafa, wancan ya tashi ya ninka aka yi guɗa, Magatakarda yana rubutawa. Na koma gida ina hawayen murna, na gaya wa Baban yara an gama da kuɗin wanki na watanni. Abin da ya shigo hannu ko rabi bai kai ba. Kuma da yake kowa ya ji adadin da aka ambata, gari ya ɗauka mun samu, waɗanda za su taimaka a ɓoye suka janye hannu, dangi ma suka ce ai coci ta ɗauke muku. Wanda ya fi kowa ɗaga murya ran nan, na je gidansa, matarsa ta ce ya yi tafiya, motarsa tana tsakar gida ina ganinta. Na sake komawa aka ce yana barci. Ni da ban taɓa roƙon kowa ba na zama mai bin bashin alkawari ƙofa-ƙofa, mijina yana kwance. Ranar jana'iza kuma shi ne a layin gaba, har da jawabi. Takardar nan tana cikin Littafin Waƙoƙina har yanzu. Na gafarta, Allah ya sani na gafarta, muna cin Jibin Ubangiji tare, amma kada a sake yi wa wata haka ina raye. Ga kuma wadda ta zo dubiya ta ja ni gefe ta ce mu bincika ko akwai zunubin da ba a furta ba a gidan, ko wani abu daga kakanni. Yesu da kansa, da aka tambaye shi kan wanda aka haifa makaho, ya ce ba shi ya yi zunubi ba, ba iyayensa ba. Abokan Ayuba ma kwana 7 da suka yi shiru a gefensa ai sun kyauta, da suka buɗe baki ne… to, bari in bar wannan, ba shi kika tambaya ba.

A'a, tsaya, kada ki ɗauka ina cewa Ikilisiya ba ta yi mana ba. Ta yi. In na bar maganar a nan na zalunci mutane. Akwai gwauruwar nan mai tuyar ƙosai a bakin hanya, ta riga mu gidan gaskiya yanzu, duk ranar wanki tun duhu za ta ƙwanƙwasa ƙofa ta kwashi yarana, ta yi musu wanka, ta ba su koko da ƙosai, ta raka su makaranta, ba ta taɓa tsayawa a gode mata ba. Wani yaro cikin mawaƙan coci ya riƙa shimfiɗa kwali a barandar asibiti yana kwana don in je gida in runtsa. Wani dattijo yakan zo ya zauna kusa da Baban yara, ya karanta masa aya biyu a hankali, ya riƙe hannunsa, sauran lokacin hirar gona suke yi da ƙwallo. Shi ne kaɗai baƙon da Baban yara yake tambaya yaushe zai dawo. Maƙwabcinmu Musulmi mai Keke ma ya ba da jini, kuma bai taɓa karɓar kuɗin kai mu asibiti ba. Waɗannan ba wanda ya tafa musu.

Masu kai abinci, don Allah ku tambaye ta takardar da asibiti ya ba su kafin ku ɗora tukunya. Ba gishiri da yawa, ba magi, ba kanwa. Ayaba da lemo da muka saba kai wa mara lafiya, shi suna iya yi masa illa, har zuciya su taɓa. In ba ku iya irin girkin ba, ku dafa wa ita da yaran, shi ma babban taimako ne.

Sai kuma ki tambaya a asibitinku game da ragin nan. A 2025 gwamnatin tarayya ta sanar da sauke kuɗin wankin ƙoda daga wajen naira 50,000 zuwa 12,000 a wasu asibitocinta, har da na Azare da na koyarwa na Maiduguri. Ki tambayi nas ɗin sashen ko naku yana ciki, ki kuma nemi ofishin walwalar marasa lafiya. Maganar dashen ƙoda, asibitin Malam Aminu Kano suna yi tun 2002, amma wannan ku bari likitansa ya fara kawo ta, kada mu tsallake gaba.

Abu ɗaya, shi maigidan naki. Na san maza, ƙila shi ne ya ce kada a faɗa. Ki zauna da shi yau da dare, ki ce masa ba sai an tsaya a bagade an karanta sunan ciwonsa ba. A fara da Fasto da dattawa biyu, su zo gida su shafa masa mai su yi addu'a, shi ya faɗi iyakar abin da yake so jama'a su ji. In ya ƙi, ki ba shi wayar in yi masa magana, ni uwa ce a wurinsa.

Gobe Laraba, bayan addu'ar yamma zan biyo gidanku. In ya yarda, da Uwargidan Fasto zan zo, in bai yarda ba ni kaɗai. Ki turo mini ranar wanki na gaba da ƙarfe nawa ake so ku isa. Shugaba, ki buɗe takarda, ki sa sunana a kwanan asibiti na farko, sauran kowace ta faɗi ranar da za ta iya, kuma wadda ta san ba za ta iya ba kada ta rubuta.