Amsa ga Kawu kan filin jirgi lokacin annoba

Salamu alaikum jama'ar gida, barkanmu da yamma. Kawu na ji saƙonka tun ɗazu, ina kan hanya ne shi ya sa ban amsa ba. Ka ce wai in cuta ta ɓarke irin korona rufe filin jirgi kawai ake yi kowa ya tafi gida, ko kuwa akwai abin da ake yi a ciki. To bari in gaya maka abin da na gani da idona a filin jirgin Malam Aminu Kano, tunda ka san sana'ata yankar wa mutane tikiti ce, kullum ƙafata na can.

Wallahi rufewar ba ita ce mai wuya ba. Ƙarshen Fabrairun 2020 aka samu mutum na farko mai korona a Legas, wani ɗan Italiya, kafin Maris ya ƙare an tsayar da jiragen ƙasashen waje, kuma da mu aka fara, Kano da Inugu da Fatakwal, sannan Legas da Abuja suka biyo baya. Amma ko a lokacin ba kwaɗo aka sa aka kulle ba fa, masu hasumiyar da ke ba jirage umarnin tashi da sauka suna nan, 'yan kwana-kwana suna nan, don jirgin kaya ko na gaggawa in ya samu izini dole a saukar da shi.

Buɗewar ce aiki. Abuja da Legas suka dawo da jiragen cikin gida ranar 8 ga Yuli, mu kuma 11 ga wata, kuma ranar da na koma kamar ba wurin da na sani ba. Tun daga ƙofa ba takunkumi ba shiga, a auna zafin jikinka, ka wanke hannu, a fesa wa jakarka magani, ƙasa duk an manna alamar inda za ka tsaya, kujerun jira a zauna a ɗaya a tsallake ɗaya, ga shi an ce ka zo awa uku kafin tashi, alhali tafiyar Abujar ma kanta da ƙyar take cin awa guda.

Abin da ya fi taɓa ni Kawu shi ne hana 'yan rakiya shiga. Ka san halinmu, mutum ɗaya zai yi tafiya mota uku ce za ta rako shi, kuma ba don burga ba, wata dattijuwar ba ta taɓa hawa jirgi ba, ba ta karatun boko, jikanta ne idonta. Akwai wata Hajiya da na yankar wa tikiti, a bakin ƙofa aka raba ta da ɗanta, ta kira ni muryarta na rawa, haka na riƙe waya ina ce mata bi nan, miƙa wannan takardar, har wata ma'aikaciya Allah ya saka mata da alheri ta kama hannunta ta kai ta. Dokar daidai ce, ban ja ba, zauren bai da faɗin da zai ɗauki taron nan a ba da tazara, amma in za a sake irin wannan ya kamata a ware masu taimaka wa tsofaffi tun daga ƙofa.

Na'urar auna zafin nan tun Ebola ta 2014 muka santa, sai dai ita korona mutum zai iya ɗauke da ita jikinsa garau ba zazzaɓi, shi ya sa ga masu shigowa daga ƙasashen waje aka koma gwajin PCR, wato gwajin gano ƙwayar cutar, kafin ka taso, da rajista a shafin NCDC, hukumar daƙile yaɗuwar cututtuka ta ƙasa, da killace kai kwana bakwai a sake gwaji. Wannan tsarin yana cin ma'aikatan lafiya da ɗakin gwaji, don haka da aka buɗe wa jiragen waje ranar 5 ga Satumba, Legas da Abuja kawai aka ba. Kano sai Afrilun 2021.

Watannin nan mun ji jiki. Ɗan kasuwar Kwari mai zuwa Dubai sai ya fara sauka Abuja, Hajjin 2020 ba wanda ya je daga nan, masu tasi da masu canji da masu turin kaya duk suka zauna zugum, ni kaina na yi watanni ban yanki tikiti ko ɗaya ba, sai masu neman a maido musu kuɗinsu.

Maganar tafiyarka ta wata mai zuwa kuma, ka turo min hoton fasfo ɗinka ta gefe in duba maka ko ƙasar na neman wata takardar lafiya. A gaida su Inna.