Lafiya Uwar Jiki: Kaurin Jijiyar Gadon Baya da Tiyatar Tsakuwar Ƙoda

Wasiƙun wannan watan a kan baya suka taru. Wasu na ƙashi ne, wasu na ƙoda, wasu kuma masu su ba su tantance wanne ke damun su ba. Likitocin tiyatar ƙashin baya da na ƙoda da mafitsara ne suka amsa.

Tambaya: Assalamu alaikum. Mahaifina shekararsa 67. In ya taka daga gida zuwa masallaci sai ƙafafunsa su yi nauyi su sage, sai ya zauna ko ya sunkuya kafin su sake shi. Abin mamaki, yana tuƙa kekensa har gona lafiya lau. An yi masa hoton MRI, aka ce wata jijiya ta yi kauri ta matse hanyar laka a L4 da L5. Wace jijiya ce, kuma me ya sa ta kauri? Nasiru, Funtuwa.

Amsa: Wa alaikumus salam, Nasiru. Allah Ya ba Baba lafiya. Bahaushe jijiya yake ce wa ta jini, da mai kai saƙo, da mai ɗaure ƙashi, don haka sai mun raba. Wadda ta yi kauri mai ɗaure ƙashi ce, dangin agara. Likitoci na kiranta ligamentum filabum, wato rawayar jijiya, saboda launinta.

Ƙashin baya gaɓa-gaɓa ne, da rami a tsakiya kamar bututu. Laka tana bin ramin ta ƙare wajen L1 ko L2 (gaɓoɓin ƙugu biyar ne, ana kiransu L1 zuwa L5 daga sama zuwa ƙasa), daga nan sai jijiyoyin saƙo su ci gaba a tattare kamar wutsiyar doki, su ne ke zuwa ƙafafu da mafitsara da dubura. Rawayar jijiya ita ce bangon bayan wannan rami, tana haɗa gaɓa da gaɓa tun daga wuya har ƙugu. A jikin matashi kusan kashi 80 cikin 100 nata zare ne mai talewa kamar roba, sauran kuma zare mai tauri da ake kira kolajin. Kaurinta a ƙugu kan kasance milimita 2 zuwa 4, in ta haura haka ake cewa ta yi kauri, kuma L4 da L5 ne wurin da aka fi gani domin nan nauyi da lanƙwasa suka fi yawa.

Binciken da aka yi a kan gutsattsarin jijiyar da ake cirewa wajen tiyata ya nuna abu biyu. Na farko, shekaru da wahala suna ta yi mata ƙananan raunuka, jiki yana gyarawa da tabo, zaren roba na raguwa, kolajin na ƙaruwa. Wani sinadari da ake kira TGF-beta yana cikin masu ingiza wannan tabon. Na biyu, faifan da ke tsakanin gaɓoɓi yana bushewa ya lotsa, gaɓoɓin su matso kusa, sai jijiyar ta tattare ta turo cikin ramin, kamar tabarmar da aka tura daga gefe. Wannan ne sirrin keken Baba. Miƙewa tsaye tana ƙara tattare jijiyar, sunkuyawa kuma tana tale ta, ramin ya buɗe. Za ka tarar ruku'u ya fi masa daɗi a kan doguwar tsayuwa. Wani likita ɗan ƙasar Holan, Henk Verbiest, shi ya fayyace wannan ciwo a 1954.

A sa likita ya taɓa bugun jini a ƙafafun Baba. Toshewar hanyar jini ma tana hana tafiya, musamman ga mai ciwon suga ko mai shan taba, sai dai ita tsayawa cik ma tana isa ta lafa, kuma keke yana tayar da ita.

Tambaya: Likita, ni ma abin da aka ce ina da shi ke nan, shekarata 59. An ce tiyata, 'yan uwa kuma sun ce duk wanda aka taɓa wa baya ya gama tafiya. Babu maganin da zai narkar da kaurin? Hajiya Rabi, Katsina.

Amsa: Hajiya, babu ƙwaya ko allura ko jiƙo da aka tabbatar yana mayar da jijiyar yadda take. Amma hoto kaɗai ba ya yanke hukuncin tiyata. Dattawa da yawa in aka yi musu MRI za a ga matsi alhali ba sa jin komai. Abin dubawa shi ne nisan da kike iya takawa, da ko ƙafar tana rasa ƙarfi.

Ana farawa da wata 3 zuwa 6 a sashen gashin ƙashi. Ki kwanta rigingine, ki jawo gwiwoyi zuwa ƙirji, ki riƙe daƙiƙa 20 zuwa 30, sau 5 zuwa 10, safe da yamma. A haɗa da keken motsa jiki, da ƙarfafa tsokar ciki, da rage ƙiba. A 2015 an buga wani bincike daga Amurka a kan mutum 169, aka raba su, wasu tiyata wasu gashi. Bayan shekara 2 ba a ga bambanci a ƙarfin jikinsu ba. Sai dai kashi 57 cikin 100 na 'yan gashin sun koma an yi musu tiyatar, don haka kada a ɗauki sakamakon fiye da abin da ya ce. Allurar sitiroid ta baya kuwa, gwajin da aka yi wa mutum 400 a 2014 ya nuna cewa bayan mako 6 kusan ba ta fi allurar kashe zafi zalla ba. Ba mu ganin dalilin a yi ta maimaita ta ana kashe kuɗi.

In ta kai ga tiyata, ga yadda take. Za a yi allurar barci, a kwantar da ke rub da ciki, a ɗauki hoton ƙashi don a tabbatar da gaɓar da za a buɗe. A yanka kamar santimita 3 zuwa 5, a ja tsoka gefe, a goge wani sashe na ƙashin da ya rufe ramin, sannan a tsinke jijiyar guntu-guntu har jijiyoyin saƙo su sami sarari. Galibi washegari ake taka ƙasa. Inda ake samun matsala: tantanin da ya lulluɓe jijiyoyin yakan manne da rawayar jijiya ya yage, ruwan laka ya zubo, kusan a mutum 1 cikin 10, kuma ana ɗinkewa nan take. Gudan jini na iya taruwa ya danne jijiya a kwanakin farko. Rauni kan ruɓe in suga ya yi sama. In kuma aka ci mahaɗar gaɓoɓin da yawa, bayan zai riƙa gocewa. Shanyewar da 'yan uwa ke tsoro ba kasafai take faruwa ba.

Ki tambaya ko za a sa ƙarfe da kusoshi, kuma don me. Binciken Suwidin na 2016 a kan mutum 247 bai ga ƙarin amfani ga haɗa ƙarfe a kan buɗe ramin kawai ba, sai ƙarin zubar jini da kwanakin asibiti da kuɗi. Akwai mai buƙatarsa, kamar wanda gaɓarsa ke motsi sosai in ya sunkuya, amma ba kowa ba. Ki kuma sani tiyatar ta fi magance ciwon ƙafa a kan na baya, sagewar da ta shekara kuma tana iya ƙin tafiya duka.

Abu guda ba ya jiran gobe: fitsari ya riƙe ko ya riƙa zuba ba a sani ba, tsakanin cinyoyi da mazauni su sage, ko ƙafa ta saki farat ɗaya. A nufi babban asibiti a ranar.

Tambaya: Ni direban babbar mota ne. Bayana na ciwo ta dama, ina shan diklofenak daga kemis kullum. Ta yaya zan gane ƙoda ce ko ƙashi? Ya'u, Maraɗi.

Amsa: Malam Ya'u, ciwon ƙashi yana bin motsi, akwai kwanciyar da ke lafar da shi. Na tsakuwar ƙoda yana tashi daga kwiɓi ƙarƙashin haƙarƙari ya gangaro mara da matse-matsi, mutum ya yi ta murƙususu babu kwanciyar da ta yi masa, sau da yawa da amai. A yi gwajin fitsari da sikanin, in da hali hoton CT, shi ya fi ganin tsakuwa. Jini a fitsari ga wanda ya taso yana wanka a kududdufi yana iya zama tsargiya. Diklofenak yana da kyau ga tashin tsakuwa na kwana biyu ko uku, amma shan sa kullum, ga zafin rana ga ƙarancin shan ruwa a hanya, yana iya lalata ƙodar ya kuma tayar da gyambon ciki. Ka dakata da shi, a auna maka kiriyatinin, wato gwajin jinin da ke nuna lafiyar ƙoda.

Tambaya: An ga tsakuwa mai santimita 2.4 a ƙodar mijina, aka ce za a huda ta baya a cire. Maƙwabcinmu kuwa na'ura aka sa aka farfasa masa ba yanka. Me ya sa ba za a yi masa haka ba? Maman Khalifa, Jos.

Amsa: Maman Khalifa, girman tsakuwa da wurinta da taurinta su ke zaɓar aiki. Wadda ba ta kai milimita 5 ba, kusan biyu cikin uku suna fita da kansu. Daga 5 zuwa 10 kusan rabi, kuma in ta sauko ƙasan bututun ƙoda akan ba da ƙwayar tamsulosin mai miligiram 0.4 a jira mako 4 zuwa 6, muddin babu zazzaɓi kuma ƙodar ba ta shiga wahala ba.

Abin da aka yi wa maƙwabcinku fasawa ce da bugun sauti daga waje, wadda aka fara yi wa ɗan Adam a birnin Munik na Jamus a 1980. Ana aika bugu har kusan 3,000, a hankali, 60 zuwa 90 a minti, domin saurin bugu yana rage fashewa. Ta dace da tsakuwar da ba ta kai santimita 2 ba. Takan gaza in CT ya nuna taurin ya haura 1,000 a ma'aunin Hounsfield, ko mutum yana da jiki har tazarar fata da tsakuwa ta wuce santimita 10. Ba a yi wa mai ciki, ko mai shan maganin tsinka jini, ko mai ƙwayoyin cuta a fitsari. A tsakuwar Malam kuwa, ɓaraguzan za su yi yawa, su yi jerin gwano a bututu su toshe shi.

Hanya ta biyu ita ce zura siririyar kyamara ta hanyar fitsari har ƙoda a niƙe tsakuwar da leza. Ba yanka, amma ga babbar tsakuwa sau da yawa sai an shiga sau biyu.

Ta uku ita ce hudar, PCNL, wadda Fernström da Johansson suka fara bayyanawa a Suwidin a 1976, kuma ita ce zaɓin farko in tsakuwa ta wuce santimita 2. Ana fara zura siririyar roba ta ƙasa zuwa ƙoda a zuba ruwan da hoto ke gani. Sai a soka allura ta kwiɓi, galibi ƙarƙashin haƙarƙari na 12, ana kallo da sikanin ko hoton ƙashi, a bi da waya, a faɗaɗa hanyar zuwa milimita 8 ko 10, ko 5 zuwa 7 in ƙaramar huda ce. Ta nan kyamara za ta shiga, a farfasa a tsince. Kwana 2 zuwa 4 a asibiti. Wani babban nazari a kan mutum 5,803 a cibiyoyi 96 na duniya ya sami kusan kashi 76 cikin 100 sun rabu da tsakuwar, kusan 6 sun buƙaci ƙarin jini, kusan 10 sun yi zazzaɓi. Jini yana zuwa ne in allura ta kauce ta sami jijiyar jini, ko aka karkata kyamara da ƙarfi naman ƙoda ya tsage. Zazzaɓi kuwa daga ƙwayoyin cutar da ke ɓoye cikin tsakuwar ne, ruwan wanki ya tura su cikin jini. Shi ya sa dole a yi gwajin kalca na fitsari, mai gano irin ƙwayoyin cutar, a sha maganin da ya dace kafin a shiga, in kuma aka huda aka ga mugunya, sai a bar roba a fasa aikin zuwa wata rana. Huda sama da haƙarƙari na iya taɓa tantanin huhu. In Malam yana da ciwon baya ko nauyin numfashi, a faɗa tun wuri, ana iya yin aikin yana rigingine.

Kafin ranar aikin, in zazzaɓi da rawar ɗari suka haɗu da ciwon kwiɓi, ku tafi ko da tsakar dare ne. Ƙodar da ta toshe ta kuma kamu da cuta sai an buɗe mata hanya cikin sa'o'i.

Tambaya: An cire mini tsakuwa wata 8 da suka wuce, aka bar mini wata roba a ciki. Na ji sauƙi ban koma ba. Akwai illa? Kuma me zan yi kada ta dawo? Abdulhadi, Kumasi.

Amsa: Akwai illa, Abdulhadi, ka koma cikin makon nan. Robar mai lanƙwasa biyu ce, kai ɗaya a ƙoda ɗaya a mafitsara, kuma bayan irin aikinka galibi mako 1 zuwa 6 take yi. Mafi yawansu ba a yi su don su wuce wata 3 zuwa 6 ba. Gishirin fitsari yana daskarewa a jikinta har ta zama tsakuwa, ta toshe ƙoda shiru ba ciwo. Ka nemi hoto kafin a ja ta, domin in ta daskare, ja da ƙarfi na iya yaga bututun.

Kusan rabin masu tsakuwa takan dawo musu cikin shekara 10. A Parma ta Italiya an bi mutum 199 shekara 5: cikin waɗanda aka sa su shan ruwa sosai kashi 12 ta dawo musu, cikin sauran kashi 27. Abin nema shi ne fitsari lita 2 da rabi a rana, wato shan kamar lita 3, leda 6 ta fiya wata, a lokacin zafi fiye da haka. Da azumi a raba tsakanin buɗa-baki da sahur, a kuma shawarci likita tukuna. Gishiri da sinadarin ɗanɗano su tsaya a ƙaramin cokali ɗaya a yini, a rage tsire da kilishi, a matsa lemon tsami a ruwa. Kada ka daina shan nono. Gwajin 2002 a kan maza 120 ya nuna ta dawo wa 23 cikin 60 da aka rage wa kalsiyam, amma 12 kawai cikin 60 da suka ci kalsiyam daidai suka rage gishiri da nama. Kalsiyam yana kama sinadarin okzalet, mai haifar da tsakuwa, a hanji kafin ya isa ƙoda, don haka ranar da aka yi miyar alayyafo ko ka ci gyaɗa da yawa, masu yawan okzalet, ka haɗa da kindirmo. Duk ɓarɓashin da aka ciro tare da robar, ka roƙa a kai shi ɗakin gwaji a gano irinsa, domin ta yurik asid ana iya narkar da ita da fotasiyam sitiret, ta kalsiyam kuwa ba ta narkewa.